Gajeren Ginshiƙi

A damunar da ta wuce mun yi makonni a Sabo, unguwar Hausawa ta birnin Ibadan, muna bin gidaje da makarantun allo, muna tambayar yara abin da suka riƙe na adabin baka, wato karin magana da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da tatsuniya. Ita dai wannan unguwa ta saba da masu bincike. Tun 1916 aka keɓe ta domin Hausawa fataken goro da shanu, kuma a cikinta ne Abner Cohen ya yi bincike a 1962 da 1963, sa'an nan ya fitar da littafinsa a 1969. Saboda haka dattawan unguwar suka gindaya mana sharaɗi guda: in mun gama, mu dawo mu nuna musu abin da muka gano, kada mu kwashe mu yi gaba.

Da muka kammala, sai muka zuba amsoshin a jadawalin Excel, ita kuwa manhajar ta zana mana ginshiƙai huɗu, kowane da tsawonsa gwargwadon yawan yaran da suka iya abin. Muka adana zanen a matsayin hoto irin na PNG, muka nufi wani shagon ɗab'i a wajen Mokola domin a buga shi a babbar takarda wadda za a iya kafawa a zaure. Ana faɗaɗa shi sai gefen ginshiƙan ya koma kamar haƙoran zarto, rubutun ya dushe. Daɗin daɗawa, sunayen da ke ƙarƙashinsu da Ingilishi suke, ga shi ba damar gogewa.

Yaron shagon, ɗan Sabo ne wanda a haife mun haife shi, ya dube mu ya ce, "Ranka ya daɗe, Dakta, ai ɗigo-ɗigo ka kawo mini. Koma ka kawo mini layi."

Rashin sani ya fi dare duhu. A tsaye a wurin ya karantar da mu cewa hanya biyu kwamfuta ke bi ta riƙe zane. A ta farko, takan haddace launin kowane ɗigo ne, don haka in an faɗaɗa hoton ɗigon ne ke kumbura har ido ya gan shi. A ta biyu kuwa, umarni take riƙewa: fara layi daga nan, tsaya a can, cika tsakiya da kore. Nan take muka tuna da masu zanen riga na unguwar, waɗanda suka san hanyar da kowane layi na aska takwas ke bi, shi ya sa sukan fitar da ita daidai a rigar yaro da ta babba. Wannan hanya ta biyu ita ce ta SVG, tsarin da aka tabbatar a 2001.

Muka buɗe kwamfutarmu, ya nuna mana yadda ake zaɓar zanen a Excel a adana shi da wannan suna. Ya buɗe fayil ɗin a Inkscape, manhajar da ake samu kyauta, ya warware shi gunduwa-gunduwa, har kowane ginshiƙi da kowane layi ya tsaya da kansa. Muka cire Ingilishin, muka zaɓi samfurin rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, muka rubuta sunayen da Hausa. Ya faɗaɗa zanen har ya kai faɗin ƙofa, gefensa na nan sumul.

A nan ne kuma jarrabawa ta same mu. Cikin ginshiƙan nan huɗu, na tatsuniya ne mafi gajarta, alhali kuwa a kan tatsuniya muka rubuta kundin digirinmu na uku, kuma ita muka shafe shekaru muna koyarwa. Yaron ya lura da fuskarmu, sai ya kama kan ginshiƙin da linzamin kwamfuta ya ja shi sama cikin raha, ya ce, "Ko in ƙara mata tsawo, Dakta?" Ginshiƙin ya miƙe ya kamo 'yan'uwansa. A cikin jadawali ginshiƙi ɗaure yake da adadinsa, ba ya motsi sai adadin ya motsa. Da zarar an fitar da shi, igiyar ta tsinke, ko'ina aka ja shi zai tafi, ba kuwa zai bar sawu ba.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, shirun da muka yi ya fi yadda ya kamata tsawo. Dattawan Sabo na son su ji cewa jikokinsu ba su saki al'ada ba, mu ma muna son jin haka. Abin da ya dawo da mu hayyacinmu shi ne tarihin unguwar kanta. Bafatake kan taho da shanu daga Arewa ya sauka wurin maigida, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigidan ya tsaya a kan kuɗin da kalmar bakinsa kawai. Mutanen da suka gina arzikinsu a kan amana irin wannan, da wane ido za mu kafa musu ƙarya a zaure? Muka ce ya mayar da ginshiƙin inda yake, ya kuma rubuta adadin kowane a bisa kansa. Tun daga ranar muke umartar ɗalibanmu da su riƙa miƙa jadawalin asali tare da duk zanen da suka gyara.

Ranar da muka kafa takardar, wani dattijo ya daɗe yana duban gajeren ginshiƙin, sa'an nan ya ce, "Malam, laifinmu ka zano, ba na yara ba. Yaushe rabon da a tara su da dare?" Kafin mu bar Ibadan ya aiko mana cewa uwargidansa ta ce a turo mata yaran layin bayan sallar isha'i, kuma in Malam na so, ya zo da abin ɗaukar magana.