Wai mawaƙanmu sun canja

Jama'a, akwai wata magana da ta ƙi ƙarewa a majalisunmu, daga Arkilla har Dundaye, ga ta kuma ta cika Facebook: wai mawaƙanmu sun canja. Wanda muka sani da waƙar talaka ya koma fada. Wanda muka sani da waƙar soyayya mai sa mutum ya yi tagumi ya koma yi wa amarya da ango, yana jera sunayen ƙawaye. Saura kuma sun bi 'yan siyasa. Ni ma abin yana yi mini ciwo. Sai dai na daɗe ina juya zancen a raina, kuma inda na tsaya ba zai yi wa wasu abokaina daɗi ba.

Bari in ɗauki Aminu Ala, don sunansa ya fi fitowa duk lokacin da aka tayar da wagga gardama. Mu da muka yi samartaka lokacin da "Baubawan Burmi" take tashe mun san abin da ta yi mana. A cikin bas ɗin zuwa Jami'ar Ɗanfodiyo, kafin a haye gadar Kwalkwalawa an saka ta a waya, kafin a sauka an kaure da musu kan ma'anar kalma guda. Waƙa ce kan mulki da masu riƙe da shi, da Hausa mai nauyi wadda sai ka tauna. Da aka kama shi a Kano a 2009 kan waƙar "Hasbunallahu", bisa zargin ya sake ta ba da iznin hukumar tace finafinai ba, sai ya ƙara girma a idonmu. Muka ɗauke shi bakinmu, mai faɗin abin da ba mu da inda za mu faɗa. Yau ga shi da rawani, har an taɓa naɗa shi Ɗan Amanar Bichi, kuma abin da ya fi isowa kunnenmu daga gare shi waƙoƙin sarakuna ne da manyan mutane. Wani abokina har cewa yake: "Wanga ba Alan da munka sani na ba, aradu an musanya muna shi."

Wannan ciwon ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A Amurka akwai wani kiɗa da suke kira death metal, na jita mai amon tsawa da ganga mai gudu, mawaƙin yana gurnani kamar zaki. Cikin dattawan wannan kiɗa akwai ƙungiyar Morbid Angel ta garin Tampa, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1989. Bayan shekara takwas ba sabon kundi, a 2011 sai suka zo da wanda suka cusa wa kiɗan na'ura irin na gidan rawa. Masoyansu suka yi musu caa, har yau ba su gama yafewa ba. Tun kafin su, a 1965, an yi wa Bob Dylan ihu a taron waƙa na Newport don ya hau dandamali da jita mai lantarki maimakon wadda aka san shi da ita. Ashe ko'ina masoyi haka yake, yana son ya iske mawaƙinsa daidai inda ya bar shi.

To amma mu dawo gida mu faɗa wa juna gaskiya. Abu na farko, tunaninmu yana tace abin da yake so. Ala bai fara waƙar fada jiya ba. "Bakan Dabo" Sarkin Kano Ado Bayero ya yi wa, tun sarkin yana raye, kuma mun so ta, mun haddace ta. Mu ne muka ware waƙoƙin da suka sosa mana inda ke mana ƙaiƙayi muka ce su kaɗai ne Ala.

Kuma mu mutanen ƙasar Sakkwato mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa makaɗi yana sauya hanya. Musa Ɗanƙwairo kiɗan noma ya tashi da shi a hannun mahaifinsa, kafin ya zama makaɗin fada a Maradun, har ya kai ga yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Narambaɗa ma da kiɗan noma ya soma kafin ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ina da yaƙinin a wancan zamani ma an sami manomin da ya ɗaga kai daga kunya ya ce makaɗinmu ya guje mu ya bi masu rawani. Yau kuwa waƙoƙin nan na fada su ne ake nazari a jami'a, su muke kira Hausa tsantsa. Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Ɗan Anace yana da Shago da 'yan dambe. Kowane makaɗi da ubangidansa, wanda ke ba shi hatsi da riga da doki. Haka sana'ar take tun asali.

Abu na biyu shi ne wanda ba mu son ji. An yi wani ɗan zamani da talaka ya zama ubangidan mawaƙi, zamanin kaset da faifan CD. Mawaƙi ya shiga situdiyo, ya kai aikinsa kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, 'yan kasuwa su buga su watsa har Sakkwato da Maraɗi. Ɗan abin da ni da kai muka miƙa wa mai kaset, in ya taru, wani kaso yana komawa ga mai waƙa. Ko a lokacin masu satar fasaha suna cin nasu, amma dai akwai kasuwa. Shi ya sa mawaƙi zai iya zama ya tsara waƙar da ba ta ambaci sunan kowa ba, ta soyayya ko ta halin ƙasa, kuma ya ci abinci da ita.

Wa ya kashe wannan kasuwa? Mu duba aljihunmu. Da waya mai memori ta zo, sai muka koma wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa. Naira hamsin ko ɗari, a cika maka memori da aikin shekara goma na mutum, ko sisi ba ta isa hannunsa ba. Daga nan Bluetooth, daga nan Xender, yanzu WhatsApp. Ni kaina ba na iya tuna ranar ƙarshe da na ga wani a majalisarmu ya sayi waƙa da kuɗinsa. Mawaƙin nan kuwa yana da iyali, yana da yaran amshi da makaɗa, ga kuɗin situdiyo. Da ya waiga, masu biya uku suka rage: mai biki, mai sarauta, da ɗan siyasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu da muka daina ba da ladan, da wane baki za mu ce ga irin askin da muke so?

Akwai kuma inda masoyi ba shi da ta cewa ko da yana biya. Ku tuna marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada a jihar Kebbi. In ana neman waƙa mai duhu a ƙasar Hausa, mai sa tsikar jiki ta tashi, tasa ce. Direbobi da 'yan tasha da mu 'yan makaranta duk mun saurare shi, muna dariya muna jinjina hikimar. Daga baya ya ce ya tuba, ya ajiye waƙar ɓarayi, har Allah ya karɓi ransa a 2016. Na sha jin masu cewa an yi hasarar fasaha. To fasahar ta fi lahirarsa ne? Mu nishaɗi muke nema, shi kuwa da ransa da mutuncinsa yake sana'ar. Mutum yana girma, yana aurar da 'ya'ya, yana tuna kabari. Wanda ya kwana a tsare saboda waƙa, in ya ce ya gaji, ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa kwana ba don faɗin gaskiya ba ni da hurumin kiransa matsoraci.

Duk da haka ba zan ce kukanmu na banza ne ba, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Sauya kiɗa ba komai ba ne. A sa fiyano, a sa kalangu, a haɗa da kiɗan Legas, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Abin tsoro shi ne a wayi gari duk masu baiwar magana suna fuskantar sama, ba mai kallon ƙasa. Dubi Isa, garin ubangidan Narambaɗa. Dubi Sabon Birni da Rabah da Goronyo, yadda 'yan bindiga suka hana mutane noma, suka cika garin nan da mata da yara masu gudun hijira. Dubi yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wagga masifa tana buƙatar mai sa ta cikin waƙa yadda jikokinmu za su ji su san abin da ya faru. Akwai yara masu ƙoƙarin yi, na ji wasu, amma da yunwa suke yi, kuma ranar da wani mai neman kujera ya kira su ya ajiye musu mota, sun tafi. Ba zan zage su ba.

Don haka ni dai ga inda na tsaya. In muna son mawaƙin talaka, sai talaka ya koma zama ubangida. Ba abu ne mai wuya ba. Waƙar da ka so, ka je shafin mai ita na YouTube ko Audiomack ka saurara a can, maimakon ka jira a turo maka. In ya shirya wasa, ka sayi tikiti. In yaro a unguwarku ya yi waƙa kan halin da ƙauyensu yake ciki, ku haɗa masa kuɗin situdiyo kamar yadda kuke haɗa gudummawar biki. Muna iya tara dubbai a yi liƙi a dare ɗaya, ai kuwa ba za mu gaza wannan ba.

Tsofaffin waƙoƙin kuma ba inda suka je, ba wanda ya ƙwace mana su. Mai kewar Alan da, ya kunna abinsa ya saurara, ya bar na yanzu ya ci gaba da rayuwarsa.

Ku faɗa mini gaskiya tsakaninku da Allah: yaushe rabonka da ka biya mawaƙin da kake cewa ya ci amanarka?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Amin.