Kwana Uku a Birnin Damagaram: Abin da Kunne Ya Jiyo

A wannan fitowa za mu kawo muku labarin ziyarar da muka kai Damagaram cikin hunturun da ya gabata. Mun tafi ne gaida baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya shafe shekaru fiye da talatin yana ladanci a wani ƙaramin masallaci cikin unguwar Birni, bayan labari ya iso mana cewa kunnensa ya yi nauyi.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi da Tasawa. Tun da motarmu ta tashi da asuba, akwatin talabijin ɗin da ke gaba bai yi shiru ba, ga rurin inji, ga saurayin da ke kusa da mu ya toshe kunnuwansa da waya, amma har mu muna jin kiɗan da yake saurare. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, domin haka muka saba. Sai da muka sauka cikin dare, muka shiga lungunan Birni, sa'annan muka ji wani zuu a kunnuwanmu kamar kukan gyare, alhali babu gyare a wurin.

Damagaram gari biyu ne a kunne. Zongo, inda ciniki yake, ba ya hutawa: ƴan kabu-kabu da ƙahonsu, injinan niƙa, masu walda, da manyan tankokin da suka yawaita tun da aka buɗe matatar mai a 2011. Mutanen gari sun ce lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke a watan Agusta na 2023, janareta ya zama sarkin dare har tsawon watanni. Birni kuwa, tsohon gari mai fadar sarki da ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu, lungunansa matsattsu ne, katangunsa na laka masu kauri, suna haɗiye ƙara kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Wai nan ne babban birnin ƙasar har zuwa 1926 da Faransawa suka maida shi Yamai. Mai tafiya cikin Birni da daddare zai yi mamakin haka.

Mun iske Baffa lafiya lau a jiki, sai dai sallamarmu sai da muka maimaita ta sau uku, ya juyo da kunnen dama. Likita ya shaida masa cewa na hagu ba zai dawo ba. Dalili kuwa shi ne, shekara da shekaru akwatin lasifikar cikin masallaci yana rataye daidai kafaɗarsa ta hagu. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke karɓar sauti, ƙara mai ƙarfi tana kashe su sannu a hankali ba tare da ciwo ba, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙara da desibel. Hira tsakanin mutum biyu kamar 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren kiɗa. Nan take muka tuna da saurayin cikin mota.

A rana ta biyu, tun kafin assalatu, Baffa ya tashe mu, muka zauna a dakalin ƙofar gida cikin sanyi.

"Ɗana, me kake ji?"

"Babu komai, Baffa. Gari shiru."

"Sake saurarawa. Ni nawa ya tafi, ara mini naka."

Kunya ta kama mu, muka natsu. Can sai abubuwa suka soma fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar taurari ga wanda ya baro hasken fitila. Ga carar zakara daga gabas, wani ya amsa masa daga nesa. Ga ƙarar jarkoki a kurar ɗan ga-ruwa, wanda ya yi sammako saboda ruwa abu ne mai wuya a wannan gari. Ga muryoyin almajirai sun kewaye wuta suna tilawa, kowa da allonsa, amma sautin ya haɗu ya zama ɗaya. Sa'annan ga lugude, taɓarya biyu a turmi guda. Duk abin da muka faɗa sai Baffa ya gyaɗa kai, ya ce wannan dakan daga gidan wane ne, suna da suna yau. Wancan tarin kuwa na tsohon da ke bayan masallaci ne, sanyi ya tayar masa. Mun fahimci cewa da kunne ya san maƙwabtansa, da shi yake gane wanda ya kwana lafiya da wanda ya kamata a leƙa. Abin da ya rasa ke nan, ba ji kaɗai ba.

Da lokaci ya yi, masallatai biyar da ke kewaye da mu suka kira salla kusan tare, kowanne ya ƙure lasifikarsa. Mun yi ƙoƙarin bin ladani guda domin amsa masa yadda aka koya mana tun muna yara, muka kasa. Wannan magana tana da nauyi a bakinmu, mu da muka tashi a gidan liman, amma gaskiya ce. Kiran salla haƙƙi ne a ji shi. Wa'azin kaset da ake saki tun tsakar dare, da gasar wane ya fi wane ƙara, wannan kam ba mu ga hujjarsa ba, alhali a bayan katanga akwai majinyaci, da mai jego, da ɗalibi mai jarrabawa. A 2021 hukumomin Saudiyya sun umarci a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Ba mu ce dole a kwafa ba, amma abin dubawa ne ga kwamitocin masallatanmu.

Kafin mu taso, mun roƙi liman izini, mu da matashin da ya gaji Baffa a ladanci, muka sauke akwatin nan daga kusa da mihrabi muka maida shi can saman ƙofa, muka rage masa murya. Wani dattijo ya yi gunaguni cewa ba zai ji karatu ba, aka matso da shi sahun gaba.

Ranar Juma'a, da hantsi ya ɗaga, muna ɗaure kaya sai muka jiyo kakaki da algaita daga wajen fada. Baffa ya ga mun ɗaga kai, ya tambaya ko an soma busa. Muka ce an soma. Ya gyara zaman hularsa, ya ce mu riƙe masa hannu mu matsa kusa, ko na daman zai kamo wani abu.