Bututun Bindigar Kakanmu

Ana saura kwana goma sha biyu Sallar Layya Baffa ya kira ni a waya daga Hamdara. Baffa ba mai kiran mutum ba ne, sai dai a kira shi, don haka da na ga lambarsa sai da gabana ya faɗi. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da ƴan lakwal, sai ya ce, "Mushe, jika goma sha biyar nake so ka aiko. Za a sake wa bindigar Kaka bututu."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan bindiga. Tana rataye a ɗakin Baffa, naɗe cikin tsohon bargo, kuma ba a sauko da ita sai an yi babban baƙo. Labarin da aka shayar da mu shi ne, kakan su Baffa ya riƙe ta a Tirmini, ranar da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa a ƙarshen watan Yulin 1899, kuma da aka watse ya dawo da ita gida a ɓoye cikin damin kara. Ni kaina na sha ba ɗalibaina wannan labari. Duk shekara in muka zo darasin shigowar Nasara, sai in ajiye alli in ce musu, "Kakana yana wurin." Ajin kan yi tsit, ni kuma in ji kaina ya ƙara girma.

Abin da ya taso da maganar bututu shi ne ɗan ƙanena, yaro mai shekara goma sha bakwai. Ya ga ƴan bindiga suna ɓarin albarushi a hawan sallah a ƙofar fada cikin Birni, ya dawo ya dami Baffa cewa su ma suna da tasu, me ya sa za ta ruɓe a bango? Da suka kwance bargon sai suka tarar tsatsa ta ci cikin bututun, har zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa. Wani mai walda a kasuwa ya duba ya ce aikin kwana biyu ne, zai yanke tsohon, ya haɗa mata sabon ƙarfe, ta koma kamar jiya aka ƙera ta.

Ban ce wa Baffa a'a a waya ba, don ba a yi wa tsoho haka. Na ce ya dakata, ranar Asabar ina tafe.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, tun da ya ambaci mai walda nake ganin hannun wani yaro da na koyar a aji biyar shekarun baya, a wani ƙauye da na fara aiki. Ya bi wansa farauta da rani, an ɗura wa harba-ka-ruga albarushi, wan ya ba shi ya gwada. Bututun ya tsage a daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi. Yatsu uku suka tafi. Ya dawo aji bayan wata biyu, yana danne littafi da guntun hannu yana rubutu, kuma ban taɓa jin ya yi kuka ba, ni ne dai na kan juya wajen allo in daɗe ina share abin da na riga na share. Malaman da suka yi aiki a karkara sun san irin wannan, kowa da nasa yaron.

Mutane da yawa suna ɗaukan bututun bindiga kamar bututun famfo, wato rami ne kawai da harsashi ke bi. Ba haka ba ne. A cikin gindinsa wutar ke tashi, shi ke riƙe dukkan ƙarfin fashewar a tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Shi ya sa a masana'anta ake huda shi daga dunƙulen ƙarfe guda, a murɗa shi cikin jikin bindigar da awo mai tsanani, sannan a gwada shi da albarushin da ya zarce na kullum, a buga masa hatimi in ya tsira. A garin Saint-Étienne na Faransa akwai gidan da ke yin wannan gwaji tun 1782. Bututun ruwa kuwa faranti ne aka naɗe aka like, yana da ɗinki daga sama har ƙasa, kuma ɗinkin nan shi ne ke buɗewa. Ba ina raina maƙeranmu ba ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, a nan Zinder ake zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi. Amma waɗancan mutane ne da suka gaji aikin, suka san abin da ke kashe mai shi. Mai waldan da ke gyaran ƙofa da amalanke bai gaji wannan ba, kuma ba shi zai ɗora kumatunsa a kan ƙotar ba.

Ranar Asabar na isa da hantsi, da kwalbar kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Niyyata in nuna wa Baffa cewa bindigar ta fi daraja yadda take, in sayi lokaci har sallah ta wuce. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, yaron yana tsugune kusa da ni, Baffa yana kishingiɗe yana jan carbi. Na shekara hamsin ina ganin bindigar nan, amma ban taɓa riƙe ta cikin hasken rana ba.

Da datti ya fara fita sai rubutu ya bayyana a gefen hagu na jikinta. Sunan masana'antar Saint-Étienne, sannan "Mle 1874". Na yi murna, na ce wa yaron ya karanta da kansa. Wannan ita ce bindigar da ake kira Gras, da sunan hafsan da ya tsara ta, mai cin harsashi ɗaya-ɗaya, mai faɗin baki milimita 11, mai aiki da baƙin albarushi. Shekarar ta dace da labarinmu, tunda ta girmi yaƙin Tirmini da shekara ashirin da biyar. Kusa da wannan akwai "M80". Wannan alamar gyara ce da aka yi wa irin waɗannan bindigogi daga 1880, aka fafe musu wata hanya da hayaƙi zai bi ya fita gefe in kwanson harsashi ya fashe, don kada ya bugi fuskar soja. Na tsaya na yi wa yaron bayanin wannan da kyau, ina satar kallon Baffa: su da suka ƙera ta, da injinansu da awonsu, sai da suka ji tsoron idon mai harbi.

Sai na ci gaba da gogewa. Da na san abin da ke gaba, wataƙila da na tsaya nan. Wata alama ta uku ta fito, "M14". A gindin bututun kuma, ƙarƙashin tsatsa, ga shekara a fili: 1914. Na ɗauko ma'aunin ɗalibai daga jakata na ɗora a bakin. Bai kai milimita 11 ba, wajen 8 ne.

Wanda ya karanta tarihin yaƙin duniya na farko zai gane abin da na gane a lokacin. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, bindigogi suka yi wa Faransa ƙaranci, sai aka kwaso tsofaffin Gras daga rumbuna, aka cire wa dubbai bututunsu, aka sa musu irin na bindigar Lebel mai milimita 8, don su ci harsashin zamani marar hayaƙi. Sojojin baya aka ba su, masu gadin hanya da gada da fursuna. Ashe an riga an taɓa sake wa bindigar Kaka bututu, kuma ba a Damagaram aka yi ba. A shekarar 1914 tana Faransa, a kan teburin wani ma'aikaci. Bindigar da ke Faransa a 1914 ba ta kwana cikin damin kara a Hamdara tun 1899 ba. Ta shigo ƙasar nan ne bayan an kashe Kuran Daga da shekara goma sha biyar ko fiye, lokacin da Zinder ke hedkwatar mulkin Nasara, kuma a wancan zamani baƙar fatar da ke rataya irin wannan bindiga a fili, galibi wanda kumandan ya ba shi ne: soja, ko gardi, ko gumiye. Wato masu rakiyar karɓar lanho, masu tara mutane aikin tilas.

Na daɗe ina goge wurin da ya riga ya fita, ina tunanin abin yi. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe. In ba da jika goma sha biyar, mai walda ya yanke bututun ya jefar cikin tarkacensa, shekarar ta tafi da shi, "M14" kuwa ba mai kula da ita, labarinmu ya zauna daram har jikokin jikoki. Na lura da wani abu da ya ba ni kunya: minti kaɗan da suka wuce ina ƙin aikin nan saboda hannun yaro, yanzu kuma wani ɓangare na zuciyata yana son a yi shi saboda sunan gida.

A nan nake so ƴan uwana malamai su tsaya tare da ni kaɗan. Muna koyar da Sarauniyar Lugu, muna koyar da Kuran Daga da Kawusan, muna faɗin abin da ayarin Voulet da Chanoine ya yi wa Birnin Ƙonni, kuma daidai ne mu koyar. Amma Turawan da ke cikin wancan ayari ba su kai goma ba. Sauran masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne. Bayan nan kuma shekara sittin aka yi ana mulki da hannun gardi da tafinta da mai dafa wa kumandan abinci, kuma duk sun haihu, jikokinsu suna zaune a azuzuwanmu, wasunsu ma su ne ke riƙe da alli. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin yaro ya ɗaga hannu ya ce kakansa gardi ne ba. Kowa kakansa yana Tirmini, a ɓangaren Sarki. In da gaske ne, da filin bai ɗauke su ba.

Yaron ne ya katse ni. Ya ce, "Baba, mene ne sha huɗun?" Yana aji na uku a kwalej, ya iya lissafi, ƙarya ba za ta daɗe a wurinsa ba. Na juya wajen Baffa na ce, "Baffa, a gafarce ni, akwai maganar da ƙarfen nan ke faɗi wadda ba ta yi daidai da wadda muka sani ba." Na faɗa masa duka, a hankali, ba tare da na ambaci kalmar gardi ba. Na ce mai yiwuwa Kaka ya je Tirmini da kwari da baka ko da wata bindigar, wannan kuma daga baya ta zo hannunsa. Wannan ma gaskiya ce, zai iya yiwuwa.

Baffa bai ce komai ba. Ya tashi ya yi alwala, muka yi azahar, aka kawo fura muka sha. Na ɗauka fushi ya yi, har na fara shirin neman wanda zai ba shi haƙuri. Sai can wajen la'asar ya ce a miƙo masa bindigar. Idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa yanzu, don haka ya ce in ɗora masa yatsa a wurin. Na kama yatsansa na bi da shi kan lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Akwai wani jan tagiya da ɗamara ta fata a cikin adakar Inna, muna yara. Ta hana mu taɓawa. Ranar da Kaka ya rasu ta sa su a murhu." Ya yi shiru, sannan ya ambaci wani ƙauye da ke gabas da mu, wanda ba zan faɗi sunansa a nan ba. Ya ce, "Sau biyu gidanmu na neman aure a can, sau biyu ana mayar da goro, ba a faɗi dalili ba. Na tambayi mahaifinmu, ya ce in bar maganar."

Yaron ya ce, "To yanzu ba za a gyara ba ke nan?" Baffa ya ce masa, "Kai, tashi ka ba awaki ruwa."

Kafin in taso na zare ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi, na naɗe shi a tsumma na sa a jakata, da izinin Baffa, don na san halin samari in sallah ta matso. Na kuma gaya masa abin da ya riga ya sani, cewa ajiye bindigar soja a ɗaki ba takarda laifi ne a dokar ƙasa, komin tsufanta, kuma a irin wannan zamani da ake ciki ba a rasa mai kai tsegumi. Tun 1994 akwai hukumar da aka kafa don tattara makaman da ke hannun jama'a. Shawarata ita ce mu bi ta wurin maigari mu sanar, mu roƙi a ajiye ta a gidan tarihi na Zinder da sunan Kaka a jiki. Na rubuta takardar da Faransanci na karanta masa da Hausa. Ya ce in bar ta ƙarƙashin buzunsa, zai duba bayan sallah. Sallah ta wuce da wata biyu, har yau bai dangwala ba, ni kuma ban matsa ba.

Abu ɗaya na taho da shi ban da ƙarfen. Na ɗora farar takarda a kan rubutun na goga fensir a kai har alamun uku da shekarar suka fito fari cikin baƙi. Tana cikin littafin shirin darasina, a shafin Tirmini. Darasin yana zuwa a zango na biyu, kuma cikin ajin bana akwai yara biyu ƴan asalin ƙauyen nan da ya mayar mana da goro.