Miyar da Babu Nama

Tun 2014 aka fara wani gangami a Ingila mai suna Veganuary, inda mutane ke alkawarin barin nama, madara da ƙwai har watan Janairu ya ƙare, saboda tausayin dabbobi, lafiya da muhalli. Ba na yi musu ba'a. Mawadacin da ya iya ce wa cikinsa ya isa ya yi abin yabo.

Amma da kai nake, kai da tsada ta raba da nama ba tare da wani alkawari ba. Na san nauyin da uwargida ke ji in za ta kai wa baƙo tuwo da miyar kuka tsura. Ka tuna Daniyel da abokansa a Babila. Gudun ƙazantuwa da abincin sarki ya sa suka roƙi a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa, Ubangiji kuwa ya sa suka fi sauran samarin kyan jiki. Wake, gyaɗa, zogale da awara suna gina jiki. A Romawa 14 ma, Bulus ya hana mai cin nama raina mai cin ganye.

Ran Lahadi bayan sujada, ka gayyato baƙon nan gida. A dai ƙara daddawa a miyar.