Sukarin Adaka da Harajin Naira Goma

Duk wanda ya yi wayo a birnin Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai manta inda sukari ke kwana ba. A adakar uwargida yake, ko bayan jeren tasoshi a ƙuryar ɗaki, ɗan kwalin St. Louis mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ba a buɗe shi sai baƙo ya sauka, ko maigida ya tashi ba daɗi an dama masa koko, ko mai jego ta kasa shan kunu. In an buɗe kuma ƙidaya ake yi, ƙwaya biyu ko uku, a mayar da saura a ja murfi, yaro na tsaye yana haɗiyar yawu, in ya taki sa'a a gutsura masa rabi ya cusa a kunci ya fita yana yi wa sa'o'insa yanga. Yau da mudu ake auno sukarin.

Ku 'yan baya kada ku ɗauka da ƙishirwa muka tashi. Ba yau rana ta fara dukan Sakkwato ba, tun can ma idan Afrilu ya kama zafi kan haura digiri 40, amma kowane zaure akwai randa da moɗa a kai, kowane gida akwai hura. Da hantsi za ka ji daka na tashi daga Ƙofar Rini har Ƙofar Atiku, gero da citta da kanumfari da ɗan barkono, Fulani mata na shigowa da ƙoren nono a ka, kafin azahar an dama an rufe da faifai, babba da yaro kowa ya ja ludayinsa ya sha har gumi ya tsattsafo masa, ba wanda ya ce ina sukari, domin tsamin nonon nan shi ne daɗin. In babu nono a yi farau-farau. In azumi ne ga kunun tsamiya.

Zaƙi kuwa lokacinsa gare shi. Rake sai sanyi ya shigo ake lodo shi daga fadamun Rima, kuma rake ba ya shayuwa da gaggawa: ka ɓare, ka tauna, ka tsotse, ka furzar, muƙamuƙi ya gaji tun ciki bai cika ba. Garin ɗorawa na bazara ne. Mazarƙwaila sai ranar da aka samu kwabo. Alkaki da nakiya sai an kawo gara. Zuma kuwa an riga an faɗa, kowa ya sha ta ya sha harbi. Babu alƙalin da ya kafa wannan iyaka, babu ɗan doka da ya tsare ta. Damina da rani ne suka kafa ta, da talauci, da tsohuwar da ke ɗaure makullin adaka a bakin zanenta.

Lemon kwalba baƙo ne daga kudu. A Legas aka kafa kamfanin da ke cika kwalaben Coca-Cola a 1951, na 7Up ya biyo a 1960, kuma da yake jirgin ƙasa a Ƙaurar Namoda ya tsaya bai ƙaraso mana ba, da farko a bayan manyan motoci lemon ke isowa, ya sha rana da ƙura a hanya. Abin sallah ne, abin tarar suruki, abin kai wa wanda ke kwance a asibiti. Mai kanti ya ciro maka daga firijinsa mai aiki da kananzir, ya fasa murfin, ya kafa maka ido: "Shanye nan, ɗan nan, ba a tahiya da kwalba." In gida za ka kai, sai ka ajiye kuɗin kwalba. Fanta guda a raba wa yara uku, a daɗe ana gardamar wa aka fi zuba wa.

Yanzu robar rabin lita ce a hannun ɗan firamare, shi kaɗai, ya shanye ya jefar a kwata.

Ka tsaya bakin Babbar Kasuwa ko wata tashar mota da rana tsaka ka ga baro-baro na lemo cikin ƙanƙara, Bigi da La Casera da Big Cola da waɗanda ake kira masu ƙara kuzari. Biki ba ya amsa sunansa sai an jibge katan-katan. Har buɗa-baki ma, dabino da kunu sun matsa gefe. Robar nan guda, irin mai cikakken zaƙi, sukarin da ke cikinta ya haura cokalin shayi goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in da hali ma ya tsaya a 6.

Sai gwamnati ta shigo. Ranar 31 ga Disamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Kuɗi da ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo da sauran abin sha mai zaƙi na kamfani, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta ce don a rage yawan shan sukari ne kuma a samu kuɗin shiga, Hukumar Kwastam ta fara karɓa a tsakiyar 2022. Ƙungiyar masu masana'antu ta yi ca, ta ce za a rufe ma'aikatu a kori ma'aikata. A majalisun hira kuma aka ɗauko zancen 'yanci: kuɗina ne, cikina ne, ina ruwan gwamnati?

Tambayar ba ta banza ba ce. Basakkwace ya saba da hukuma ta sa baki a abin da zai sha. An hana giya da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 zamanin Attahiru Bafarawa, aka hana maganin tari mai kodin a faɗin Najeriya a 2018, jama'a kuma ba su yi wani ƙorafi ba, domin duka biyun suna gusar da hankali, kowa ya san hukuncinsu. Lemo kuwa halal ne. Da shi ake tarar malami. Wanda ya hana ka halal ɗinka dole ya zo da hujja. Ba mu kaɗai ba ne: a birnin New York, magajin gari Michael Bloomberg ya nemi hana sayar da lemo a manyan kofuna a 2012, kotu ta rushe dokar. Saudiyya ba ta tsaya jan zance ba, a 2017 ta ɗora kashi 50 cikin ɗari a kan lemo, kashi 100 a kan masu ƙara kuzari, alhazanmu suka tarar da farashin suka biya.

Amma a duba namu da kyau. Naira 10 a lita, naira 5 ke nan a robar rabin lita, kuɗin da ko almajiri aka miƙa wa sai ya dube ka. Tsadar rayuwa ta ninka farashin lemon tun daga lokacin, ba harajin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kafin a ga tasirinsa, shi ya sa ƙungiyar CAPPA ke neman a kai shi naira 130 a lita. Kuma a kan lita aka ɗora shi, ba a kan yawan sukarin ba, don haka kamfani ba ya cin ribar komai in ya rage zaƙi. Birtaniya a 2018 bisa yawan sukarin ta yanka nata harajin, kamfanoni da yawa suka rage tun kafin ranar fara karɓa ta zo. Namu bai tauye 'yancin kowa ba, bai kuma tsare lafiyar kowa ba.

Akwai kuma sukarin da Kwastam ba ta gani. Mai shayi a bakin titi yana tambaya, "Alhaji, a ƙara?" yana zubawa tun ba a amsa ba. Zoɓo da kunun aya da ake ɗurawa a tsofaffin robobin lemo wani sa'in sun fi lemon zaƙi. Har hurar ma, wadda kakanninmu suka sha da tsaminta, yau ba a miƙa maka ita sai an narka mata sukari. Ni a ganina, masu kukan 'yanci sun manta cewa zaɓi na bukatar abu biyu a gabanka. Yaron da aka ɗanɗana wa lemo tun yana goye bai zaɓi komai ba, harshensa aka riga aka saya. Leburan da ke sauke kaya a unguwar da famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, abin da ya tarar da sanyi shi zai sha. Masu neman a ƙara haraji su ma su sani, randar da ta ɓace daga zaure ba Kwastam ce za ta dawo da ita ba.

A da ciwon suga cutar masu kuɗi ake ce masa, sai ka zaga unguwa kafin a nuna maka mutum guda, shi ma cikin raɗa. Gaskiya wasu sun tafi da shi ba a gane ba, aka ce ajali. Ba lemo kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai zaman da babur ya koya mana. Amma je ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ranar ganin masu ciwon, ka ga wa ke kan benci: tela, ɗan kabu-kabu, malamar makaranta, tsoho da ƙafa a naɗe. Harajin da aka karɓa da sunansu ba a ware musu shi ba, cikin sauran kuɗin gwamnati yake shigewa. Allurar insulin da tsinken gwajin jini, yawancinsu daga aljihunsu suke saye.