Zumar da ba ta da suna

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen zuma a tasha ko a ƙofar masallaci ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai sayarwa ya yi ta rantsuwa, mai saye ya ɗiga ta a ruwa ko ya shafa wa tsinken ashana ya ƙyasta, daga ƙarshe a rabu kowa da zargi a ransa. Tambaya ɗaya tak muka iya: mai kyau ce ko haɗi? Ba ma tambayar dajin da ta fito, ko watan da aka ɗebe ta, balle wanda ya hau bishiyar. A ganina, watsi da waɗannan tambayoyin ne ya sa ta farkon ta gagari amsa.

A ƙarshen bazarar da ta gabata na je Ƙofa, a ƙaramar hukumar Bebeji, ɗaurin auren wani ɗalibina. Mahaifinsa ya daɗe yana sarin zuma, kuma ranar ta dace da zuwan wasu masu amya da suka kawo masa kaya daga ƙauyukan Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Bayan la'asar, da jama'a suka ragu, sai ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jera ƙoƙuna biyar, aka ba kowa tsinke da kofin ruwa na kurkure baki. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada mai zuma ya yi magana sai an ɗanɗana tasa.

Ta farko fara ce, ba ta da nauyi, zaƙinta yana wucewa da sauri ya bar ƙamshi a maƙogwaro. Mai ita ya ce ya ɗebe ta ne bayan furen kaɗanya, kuma daga sabuwar saƙa, wadda ake yi wa kirari da farar saƙa. Ta biyu ja ce mai duhu, tana bin tsinke da ƙyar. Wannan daga gefen Doguwa take, inda ɗorawa ta yi yawa, kuma ɗanɗanonta ya daɗe a bakina har bayan na kurkure. Ta uku akwai ɗan ɗaci a ƙarshenta. Da a kasuwa ne da yawancin masu saye sun mayar da ita, amma mai ita, wani matashi daga Kiru, ya yi dariya ya ce amyoyinsa suna kusa da gari ne, kuma darbejiya ta kewaye su. Ta huɗu ta daskare ta yi tsaki-tsaki kamar an zuba mata sukari. Ita ce dai irin wadda mutanen birni suka fi zargi, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce, ta danganta da irin furen da kuma sanyin wuri. Ta biyar kuwa tana kumfa, da ɗan tsami. Mai gidan bai ɓoye ba, ya ce da gangan ya sa ta a layi domin mu san ɗanɗanon zumar da aka yi wa gaggawa.

Bayanin wannan ta biyar ya fi tsaya mini a rai. Ƙudan zuma ba ya rufe ramukan saƙa da kaki sai ruwan da ke cikin zumar ya ragu ta nuna. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada ruwan ya wuce kashi 20 cikin 100. Wanda ya ɗebe kafin a rufe, saboda bashi ko tsoron ɓarawo ya riga shi, zumarsa za ta yi tsami ko da bai haɗa ta da komai ba. Ashe zuma tana iya zama tsantsa amma maras kyau, kuma ba ashana ba ce za ta gaya maka.

Mafi tsufa a cikinsu ya fito ne daga wani ƙauye a bakin dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Na tambaye shi, “Baba, yaya kuke gane furen da ƙuda ya sha?” Ya dube ni kamar na tambayi manomi yadda yake gane damina. Ya ce, “Malam, ai ni na ɗaura amyar. Na san abin da ke fure a wurin daga hunturu har faɗuwar ruwa.” Daga nan ya shiga lissafi: gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, mangwaro da kaɗanya cikin sanyi, ɗorawa idan zafi ya fara. Ya bayyana yadda ake saƙa amya da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗaura a reshe a jira ƙuda ya kama. Na yi shekaru ina koyarwa a jami'a, amma ban san ɗalibi ɗaya da zai iya jero lokutan furen bishiyoyin garinsu haka ba, kuma babu littafin da muka rubuta wannan ilimi a ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da aka kira na gargajiya wankakke ne. Masu amyar da kansu sun yi musu a gabanmu. Matashin nan na Kiru ya koma amfani da akwatin katako, yana ɗiba da rana da ɗan hayaƙi, yana zare saƙar da ta nuna ya bar ta 'ya'ya. Ya ce ɗibar dare da wutar ciyawa tana ƙone ƙuda, tana sa wa zuma ƙauri, sannan a matse har da tsutsa. Dattijon ya amsa cewa akwati yana da tsada, kuma a ƙasa ake ajiye shi inda ɓarawo da gobarar daji ba sa shan wahala. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai harshena ya goyi bayan matashin: a cikin ja mai duhun nan, duk daɗinta, na ji hayaƙi.

Abin da ya haɗa su shi ne kuka ɗaya. Duk zumar nan biyar, idan ta isa Kano, sunanta zuma kawai. Ɗan sari zai juye fara da ja a jarka guda, wani a gaba ya ƙara dafaffen sukari, a ɗura a tsofaffin gorunan ruwa. Wanda ya jira wata shida ya sha harbi, da wanda ya kwana ɗaya a gaban tukunya, farashinsu ɗaya, kuma mai tukunya ne yake iya sauƙaƙawa. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfur 320 na zumar da ake shigar mata daga waje, aka zargi kashi 46 cikin 100 da haɗi. Idan masu ɗakunan gwaji suna shan wannan, ina ga mai ashana?

Wasu sun daɗe da gano cewa maganin haɗi shi ne suna. Tun 1935 Faransa ta kafa tsarin da ke ɗaure sunan abin sha na inabi da yankin da aka noma shi, cukunsu ma yana da irin wannan kariya, har ya zama al'ada mutane su taru su ɗanɗana su kuma gana da manomin. Abin shan nasu ba namu ba ne, amma dabarar ba ta da addini. A nan kusa, farar zumar Oku ta Kamaru ta sami rajistar sunan yanki a 2013, maƙwabtanmu na Nijar kuma sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi. Alhazanmu suna zuba riyal su sayo zumar sidir ta Yaman suna alfahari da ita, ba tare da sanin cewa sidir ɗin nan kurna ce, irin wadda yara ke jifa a bayan gida. Ko ayar Suratun Nahli da masu talla suke yawan jawowa ta ambaci saɓanin launukan zuma, amma mu mun nace sai ta zama kala ɗaya kafin mu yarda da ita.

Ba sai an jira doka daga Abuja ba. Masu amyar ƙauye ɗaya za su iya haɗa kai su daina gauraya ɗibar sanyi da ta bazara, su zuba a kwalba mai tsabta, su liƙa takarda mai ɗauke da sunan ƙauye da watan ɗiba da bishiyar da ta rinjaya da sunan mai amya. Sassan nazarin sinadarai da aikin gona na jami'o'inmu suna iya auna musu ruwan zumar da ɗan ƙaramin ma'auni da ake riƙewa a hannu. Wanda sunansa ke jikin kwalba yana da abin da zai rasa idan ya yi ha'inci, mai saye kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai dai duk wannan yana buƙatar ƙudan ya rayu. Masu gawayi suna cin kaɗanya da ɗorawa a kudancin Kano, kuma ita kaɗanyar ma yawan 'ya'yanta ya dogara da ziyarar ƙudan. Gonakin masara da shinkafa da wake sun faɗaɗa a Tudun Wada da Doguwa, da su kuma maganin feshi. Dattijon ya ce sau da yawa yakan tarar da ƙuda a zube a gindin bishiya kwana ɗaya bayan an yi feshi a gonar kusa. Da na tambaye shi saƙon da zan kai, na zaci zai ambaci bashi ko tallafi. Ya ce a roƙi manoma su riƙa feshin ƙwari da yamma lis, bayan ƙuda ya koma amya, kuma su ɗaga wa wake ƙafa a kwanakin da yake fure.