Daga Tsafe zuwa Bunguɗu: ina arahar karatun injiniya take?

A makon jiya na sauka Tsafe domin gaida wani yayana. Bayan la'asar muna zaune a zaure, sai ya miƙo mini wata takarda mai sheƙi da wani dillalin makarantu ya ba shi: karatun injiniya a ƙasar waje, wai a rabin kuɗi. Ɗansa ya ci jarrabawa, shi kuwa har ya fara yi wa gonar gado ciniki. Ya ce, "Dakta, kai ka san boko. In sayar?" Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu, domin ina da tafiya Gusau da Bunguɗu.

Washegari, muna wuce dutsen Kwatarkwashi, na shiga lissafi. Kuɗin makaranta daban, kuɗin karatu daban. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Uban da ya auna ƙarfinsa da farashin farko ya wayi gari nauyin ya ninka uku, ga karatun na shekara huɗu ko biyar. Ko a Jamus, inda galibin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗalibi ya nuna sama da yuro 11,000 na ci da kwana na shekara guda kafin a ba shi biza.

A Gusau na bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da masaƙar da ta daɗe a rufe. Garin da ƙarfe ya raya yana da hujjar son 'ya'yansa su zama injiniyoyi. Amma a nan ne kuma iyaye suka yi ta koke a 2024 kan ɗaliban Zamfara da suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a Arewacin Cyprus saboda bashin kuɗin makaranta. Idan tallafin hukuma zai iya yankewa, ina ga kuɗin gona guda? Waɗanda yaƙi ya koro daga Sudan a Afrilun 2023 su ma sun ga yadda araha ke komawa tsada.

A Bunguɗu na tsaya bakin Gulbin Sakkwato ina kallon 'yan noman rani suna fama da injinan ban-ruwa, wannan ya tashi, wancan ya ƙi. A nan ne tambaya ta biyu ta zo mini: in yaron ya dawo, takardarsa za ta yi aiki? Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin hidimar ƙasa, kuma ba a amsa sunan injiniya sai da rajistar COREN. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, ya shafi mai gaskiya da maras gaskiya. A gefe guda kuma, a 2023 COREN ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda cikakkun mambobinta ke mutunta tantancewar juna. Ashe digirin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko na Bayero ta Kano bai rufe wa kowa ƙofar duniya ba.

Daga bakin gulbin na kira yayana. Na ce, "Yaya, kada ka sayar. Mai arahar gaske ita ce makarantar da za ka iya biya har ƙarshe ko da dala ta sake tashi, kuma aka san takardarta a gida. Ya yi digirin farko a nan, ya nemi tallafin na biyu a waje."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka zo ka gaya wa yaron da bakinka." Ranar Juma'a zan koma Tsafe.